Wanda Ya Zo Biki Ba Anko

Sabon Gari, Keffi
17 ga Yuni

Zuwa ga Kawu Gamaliel,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ya ƙafa, ya kunnen, ya damina a Garaku? Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ni ce Anjelina, 'yar marigayiya Zipora ta Angwan Iya, yayar Natan. Na faɗi haka ne don rabona da gaishe ka tun bikin Natan, shekara uku ke nan, ga shi sai da buƙata ta taso na tuna hanya. Na san abin kunya ne, na haɗiye. An ce min waya ba ta yi maka amfani yanzu saboda kunne, shi ya sa na ba Zakka direba wannan takarda.

Kawu, hankalina a tashe yake. Asibitin da nake aikin katin marasa lafiya za a rufe shi ƙarshen shekara, mai shi zai koma garinsu. Akwai wata ƙungiya a Abuja da ke ɗaukar masu kula da bayanan lafiya, amma sai an ci jarrabawarsu a kwamfuta. Sau biyu ina rubutawa, sau biyu ina shan ƙasa. Ba sa ɗaukar wanda ya cika talatin da biyar, ni kuwa Satumba zan cika. Jarrabawar ranar Asabar ce, 27 ga Yuli. In ta wuce ni, ƙofa ta rufe ke nan har abada.

Sashe ɗaya ne ke kayar da ni. Wai ba amsa suke so ba, so suke ka faɗa ko bayanin da suka bayar ya isa a sami amsa. Tambaya ɗaya, bayani biyu. A, na ɗaya kaɗai ya isa. B, na biyu kaɗai. C, sai an haɗa su. D, kowanne shi kaɗai ya isa. E, ko an haɗa ba su isa ba. Kawu, wannan ba neman magana ba ne? Ga wadda ta hana ni cin abinci jiya:

Kamfani yana da ma'aikata 60. Nawa ne suke da lasin tuƙi da fasfo duka biyu? Bayani na ɗaya: 40 suna da lasin. Na biyu: 35 suna da fasfo.

Na haɗa 40 da 35, ya ba ni 75. Na cire 60, saura 15. Ga amsa ƙiri-ƙiri, na zaɓi C. Na juya bayan littafi, wai E! Ba dalili ba komai, E kawai tsirararta. Sau bakwai na sake, 15 nake samu. Ko dai masu buga littafin ne suka kwafsa? Kai ka koyar da lissafi shekara talatin, Mama takan ce ko akuya aka ɗaure a ajinka sai ta iya ƙirge. Ka taimake ni don girman Allah. Zakka ya san ƙofar asibitinmu, zai ajiye min amsa wurin mai gadi.

'Yarka,
Anjelina Ruben

Garaku
21 ga Yuni

'Yata Anjelina,

Alheri da salama su tabbata a gare ki. Takardarki ta iso da tabon manja a kusurwa, aikin Zakka ke nan. Ƙafa da sauƙi. Kunne kuwa ya bi ni ritaya, yanzu ko a coci bakin fasto nake kallo, in ya yi murmushi in ce amin. Doya ta yi kyau bana in ruwa bai yi mana gardama ba. Ba sai kin gabatar min da kanki ba. Kakata da kakar mahaifiyarki ciki ɗaya suka fito, kuma na ɗauke ki kina jaririya kin jiƙa min wando.

Masu littafi ba su kwafsa ba. Ɗalibi dai in ya faɗi, sai ya ce allo ne ya karkace. E ce amsa, amma ba zan gaya miki dalili yau ba. So nake ki taka ƙayar da ƙafarki, ta haka ba za ki manta wurin ba.

Mu fara da ciwonki na farko. Sau bakwai kika yi lissafi ɗaya! A wannan sashe ke ba mai girki ba ce, mai leƙa kicin ce. Kayan miya sun cika ko ba su cika ba? Da kin gani, ki fito, kada ki hura wuta. Minti biyu gare ki a kowace tambaya. Ki danne bayani na biyu da babban yatsa, ki karanta na ɗaya shi kaɗai. Sannan ki danne na ɗaya, ki manta kin taɓa ganinsa, ki karanta na biyu. Sai duk sun gaza ake haɗa su.

Yanzu ki samo gwangwanin madara. Ki zana da'ira biyu da gindinsa, ɗaya ta ɗan hau kan ɗaya. Ki zana katanga ta kewaye su duka.

Kin san yadda muke yi a biki. Dangin ango ankonsu daban, dangin amarya nasu daban, mu ce shuɗi da ruwan goro. Wadda ta haɗa jini da ɓangare biyu sai ta ɗaura zanen nan da ɗankwalin can, namiji ya sa rigar nan da hular can, don kada wani gida ya ce an ƙi shi. In aka ce masu shuɗi su ɗaga hannu, ta ɗaga. Masu ruwan goro, ta sake ɗagawa. An ƙirga ta sau biyu, alhali kujera ɗaya ta zauna. Ita ce mai zama inda da'ira ta hau da'ira.

Ga aikinki. Mutum 50 suka zo biki. Nawa ne suka haɗa anko biyu a jiki? Na ɗaya: 30 akwai shuɗi a jikinsu. Na biyu: 28 akwai ruwan goro a jikinsu. Ki aiko min da zanen, ba harafi kaɗai ba. Kuma ki ci abinci, ciki babu komai ba ya lissafi.

Kawunki,
G. Siman

Sabon Gari, Keffi
25 ga Yuni

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma yi maka fatan ƙarin sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, sai dai kai da ke sarawa, saura kwana talatin da biyu.

Dabarar babban yatsa ta yi, Allah ya saka. Jiya na yi tambaya goma cikin minti ashirin da biyar, da kuwa sai in kwashe awa. Amma Kawu, tambayar anko ai ka raina ni. Ga zane na haɗo. Na ɗaya shi kaɗai bai isa ba, na biyu ma haka. Da na haɗa, 30 da 28 sun ba ni 58, mutane kuwa 50 ne, ke nan 8 aka ƙirga sau biyu. Masu shuɗi zalla 22, masu ruwan goro zalla 20, masu haɗi 8. Ka tara ka gani, 50 cif. Amsa C.

Filin da ke tsakanin da'ira da katanga na sa masa sifili, don wa zai zo biki ba anko? Sai dai mahaukaci ko ɗan cin shinkafa. Ni dama ba na barin gurbi, aikina ke nan. In mara lafiya bai faɗi unguwarsa ba, daga jin Hausarsa na san Mada ne ko Eggon ko Gwandara, in dubi sunan uba in cike masa katin. Metron ɗinmu, shugabar ma'aikatan jinya, har yabona take a kan haka.

Don Allah ka daina ja min rai, ka gaya min sirrin lasin da fasfo. Lokaci ba ya jira na.

'Yarka,
Anjelina

Garaku
28 ga Yuni

'Yata,

Salama. Muna lafiya, sai ɓeraye da suka buɗe makaranta a rumbuna.

Ga zanenki na mayar miki, kin ga inda jan biro ya kewaye. Sifilin nan wa ya ba ki shi? Na ɗaya ne ya faɗa, ko na biyu? Babu. Daga aljihunki kika ciro shi. Ga ƙayar da na ce ki taka, kin kuwa taka ta da ƙafa biyu.

A ce mutum 5 sun zo ba anko ko ɗaya. Masu anko sun zama 45. Cire 45 daga 58, masu haɗi sun zama 13. Da sifili 8, da biyar 13, kuma duk ba su saɓa wa bayanin ba. Tambayar da ta haifi amsa biyu ba ta da amsa. E ke nan. Haka lasin da fasfo: ina mai shara da bai taɓa riƙe sitiyari ba, bai kuma taɓa wuce Mararaba ba? Shi ba ma'aikaci ba ne? Gidan nan ɗaki huɗu gare shi, ke uku kike sharewa. Ki rubuta a bangon littafinki: jimla ita ce na farko, a tara na biyu, a cire masu haɗi, a ƙara waɗanda ba su da ko ɗaya.

Mahaukaci ko ɗan cin shinkafa, in ji ki. To zaɓa min ɗaya, don ni nan na zo bikin ƙanenki Natan da tsohon farin kaftanina, ba shuɗi ba ruwan goro. Gindin mangwaro na zauna tare da makaɗa. In an ƙirga mutanen bikin, da ni ko ba ni? Duk ranar da hannunki ya tafi zai rubuta sifili, ki tuna da tsoho a gindin mangwaro.

Halin cike kati da ka kuwa, ki bar shi a ƙofar ɗakin jarrabawa tare da waya. Ga wata: mutum 50. Nawa ne ba su da anko ko ɗaya? Na ɗaya: 42 suna da aƙalla anko ɗaya. Na biyu: 8 sun haɗa biyu.

Kawunki,
G. Siman

Sabon Gari, Keffi
2 ga Yuli

Kawu,

Ina gaisuwa da ladabi. Na ga jan biro, na gode. Na gane. Amsar sabuwar A ce: 42 daga 50 saura 8, na ɗaya ya isa. Na biyu bai ce komai a kan na waje ba.

Kawu, zancen bikin Natan da ka kawo. Ban san ka riƙe abin ba. Ina jiran amsarka.

Anjelina

Sabon Gari, Keffi
15 ga Yuli

Kawu Gamaliel,

Ina gaishe ka, in har za ka karɓi gaisuwata. Lafiyar jiki ina da ita, ta zuciya babu. Yau kwana goma sha uku ban ji daga gare ka ba. Kullum sai na tambayi mai gadi har ya fara ɓuya in ya hango ni. Ban je tasha neman Zakka ba, tsoro nake kada ya ce min ka hana shi karɓar takardata. Wannan Maman Lucky mai sarin doya na ba, za ta shiga Garaku gobe da safe.

Na zauna na haɗa abu biyu. Ka kawo zancen gindin mangwaro, sannan ka yi shiru. Na san ka sani. Wataƙila tun tuni ka sani, ka jira in zo da buƙata ka nuna min. Ba ka yi laifi ba. Karatu ya ƙi shiga, in na zana katanga sai in gan ka a ciki, in rufe littafin. Gara in faɗa da bakina.

Ni na riƙe jerin sunayen dangin ango. Sunanka yana ciki, na goma sha ɗaya, an ware maka yadi shida. Ana saura mako biyu Metron ta ga atamfar a jakata ta ce ta yi mata kyau, ni kuwa lokacin ina neman ta sa min hannu a takardar ƙarin girma. Na soke sunanka na ba ta yadinka. Ita da ba dangin iya ba na baba. Na ce wa Natan ai dangin amarya sun sa ka a nasu jerin, tunda marigayiya Inna Judit matarka gwaggon amarya Christy ce. Ban tambaye su ba, Kawu. Da ka na cike. Su kuma can suka ce ai kai na gidan ango ne. Kai da ya kamata ka sa rigar nan da hular can, ka tashi ba ko ɗaya. Da na hango ka a farin kaftani, sai na aika a ce maka atamfar ce ta ƙare a kasuwa. Ƙarya ce. Shi ya sa shekara uku ban iya zuwa gaishe ka ba. Kuma don rashin kunya na rubuta maka mahaukaci ko ɗan cin shinkafa, na manta sarai da wanda nake rubuta wa.

Ka yafe min. In ba za ka ƙara koya min ba, na cancanta. Amma saura kwana goma sha biyu, kuma ba ni da kowa a wannan abu sai kai.

Anjelina

Garaku
5 ga Yuli

'Yata ta kaina,

Salama da alheri. Lafiya lau, jiya ma har gona na taka ba sanda.

Amsar A ce! Yau da kina ajina da na sa an tafa miki. Kin danne na biyu, kin kuma ƙi ba shi abin da bai faɗa ba. Amma ki kula, kada tsoron sifili ya sa ki bi E kamar tunkiya. In tambaya ta faɗa da bakinta cewa kowa yana da aƙalla ɗaya, to sifilin ya halatta, su suka ba ki. Ki nemi wannan layi tun a jikin tambayar, can suke ɓoye shi.

Zancen biki kuwa, riƙe me? Ke dai akwai ki da ɗaukar abu da zafi. Atamfa ce ta ƙare a kasuwa, an aiko an gaya min, laifin wa? Misali nake nema mai ƙafa da hannu, na ga ba wanda ya fi ni kusa. Ga tambaya goma sha biyar a bayan takardar nan, ki yi biyar kullum da agogo a gabanki. Za ki ci jarrabawar nan, na ga hannun.

Kawunki mai alfahari da ke,
G. Siman

Sabon Gari, Keffi
17 ga Yuli

Kawu,

Wayyo ni Allah. Ina gaisuwa. Takardarka ta ran 5 yanzun nan ta shigo hannuna. Ashe injin motar Zakka ne ya buga tun ranar, aka jawo ta garejin makaniki Hyacinth, Zakka kuma ya tafi neman kayan gyara ya manta. Hyacinth ne ya buɗe aljihun mota yana neman takardun mota ya ga sunana. Kawu, garejin nan bayan gidanmu yake. Kwana goma sha biyu takardarka tana kwance taku hamsin daga tagata, ina jin ƙarar gudumarsu ina kuka.

Na ruga wurin Maman Lucky ko Allah ya sa ta manta ita ma. Ta ce hannu da hannu ta ba ka tun jiya.

Ashe ba ka sani ba. Ban san me zan ce ba. Abin da na rubuta gaskiya ne, ba zan janye ba. Zan yi tambayoyin goma sha biyar ko da ba mai dubawa.

Anjelina

Garaku
23 ga Yuli

Anjelina,

Salama. Ƙafa ta tashi, kwana biyu ban fita ba. Takardunki biyu suna gabana. Sau uku na fara amsa ina yagawa, don abin da ya fito daga biron bai dace da dattijon coci ba.

Bari mu yi ta yadda muka saba. Tambaya: Kawu yana fushi? Na ɗaya: ya ambaci bikin Natan. Na biyu: ya yi shiru kwana goma sha uku. Na ɗaya bai isa ba, malami yakan kawo misali. Na biyu bai isa ba, mota takan lalace, tsoho yakan kwanta, yakan ma mutu. An haɗa, ba su isa ba. E ce, kika zaɓi C, kuma taku kaɗan zuwa tasha da ya raba gardama. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wata guda ina fama da ke a kan abu ɗaya, kika ci shi a takarda kika faɗi a kaina.

Amma yanzu kin kawo bayani na uku, shi kuwa shi kaɗai ya isa. Haka ne, ina fushi. Na ji zafi ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba.

Na ba ki labarin gindin mangwaro da dariya, bari in ba ki sauran. Bikin nan shi ne taro na farko da na fita bayan rasuwar Judit. Kin san da anko ake rabon abinci, kular abincin gidan ango ta bi shuɗi, ta gidan amarya ta bi ruwan goro. Yarinyar da ke rabo ta tsaya a kaina ta ce, Baba kai na wane ɓangare ne? Ban ji ba, sai da ta maimaita da ƙarfi, mutane suka waiwayo. Ni da na ɗauki gawar kakarki, ni da na aurar da uwar amarya. Na ce mata ni mai rakiya ne. Mai ganga ne ya raba tasa shinkafar da ni. Na dawo gida na ce wa kaina kasuwa ce ta yi min haka, kasuwa kuwa ba ta san ni ba, sai na sami barci. Yanzu kin ƙwace min wannan. Shekara uku ina cin amsar da ba ita ba, ban tambaya ba ni ma, don na fi son ta haka.

To. Fushina da'ira ɗaya ne, jarrabawarki da'ira ɗaya, ban kuma yarda su hau juna ba. Na duba amsoshin goma sha biyar ɗin da kika aiko daga baya. Sha uku daidai. Ta bakwai kin shigo da bayani na ɗaya cikin na biyu, yatsanki ya zame. Ta sha ɗaya an ce masu lasin kaɗai, kika ɗauka duk masu lasin. In kin ga kaɗai, an riga an cire masu haɗi, kada ki sake cirewa.

Ran Asabar ki bar Keffi da asuba saboda cunkoson Mararaba. Ki karya kumallo. Kowace tambaya ki zana ɗaki huɗu, wanda ba a ba ki ba ki sa masa alamar tambaya ki bar shi haka, ba zai cije ki ba. In minti biyu ya cika, ki zaɓa ki wuce. Kada ki rubuto min kafin ranar, ba na son ganin rubutunki yanzu. Zan yi miki addu'a, wannan ba ruwansa da fushi.

G. Siman

Sabon Gari, Keffi
10 ga Agusta

Kawu,

Ina gaisuwa, ya ƙafar? Ka ce kada in rubuto kafin ranar, ba ka ce bayanta ba, amma na jira sai da na sami abin faɗa.

Ranar na isa da awa guda a hannu. Tambaya ta sha huɗu ta fito: mutum 120 a taro, masu shan shayi kaza, masu shan kofi kaza, nawa ne suka sha duka biyu? Kawu, kafin in ankara biro ya riga ya fara zagaya sifili a takardar gwaji. Rabinsa na zana. Zuciyata tana cewa wa zai zo taro bai sha komai ba? Sai na ji muryar yarinyar nan tana tambayarka ɓangare. Na koma jikin tambayar na nemi inda aka ce kowa ya sha, babu. Na mai da rabin sifilin alamar tambaya, na danna E, ina share hawaye da bayan hannu, mai tsaron ɗaki yana kallona. Can gaba wata ta zo mai kama da ita sak, amma ta ce kowane ɗalibi yana aƙalla ƙungiya ɗaya. Wannan na ba ta sifilinta, C. Na gama da saura minti uku. Bara shida na bari ban taɓa ba.

Mako biyu ina tsalle duk lokacin da waya ta yi ƙara. Jiya da rana saƙo ya shigo ina tsakiyar rubuta kati. Na ci, Kawu. Sun kira ni ganawa ran 22 ga wata, kafin Satumba. Na fita bayan asibiti na durƙusa kusa da tankin ruwa.

Akwai sauran magana. Na je gidan Natan na faɗa musu komai, shi da Christy. Christy ta shiga ɗaki ta ciro ɗankwalinta ruwan goro na bikin, ta ce a yi maka hula, ta ce gwaggonta Inna Judit ce ta goye ta. Ni kuma shuɗin zanena biyu suna nan, ɗaya ma ban taɓa ɗaurawa ba. Na kai wa tela a yi maka riga. Na san ba ya goge abin da ya faru, bikin ya wuce. Amma naka ne, a wurina ya maƙale.

Tela ya ɗauki almakashi ya ce nawa ne awonka. Na ce ban sani ba. Ya ce in ƙiyasta mana, tsoho ne dogo ko gajere, ai shi ya saba, da ido ma yana yankawa. Har na buɗe baki, don ina ganin kafaɗarka a raina. Sai na karɓe atamfar na naɗe. Na ari tef ɗinsa na awo. In ka yarda, zan zo ran Asabar in auna ka da hannuna. In ba ka yarda ba, zan ajiye ta ba a yanka ba.

'Yarka,
Anjelina

Garaku
13 ga Agusta

'Yata,

Salama. Ƙafa da sauƙi. Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune, sannan na je na gaya wa maƙwabcina da ƙarfin da ya ce har bakin titi an ji.

Kada ki ɗauka fushin ya ƙare, kada kuma ki ɗauka yana nan yadda yake. Ba a ba ki wannan bayani ba tukuna. Ki zo ki gani da idonki.

Ran Asabar ina gida. Ki zo da tef, ki zo da Natan da matarsa, zan sa a daka sakwara da sabuwar doya, kuma a gidan nan ba a tambayar mutum ɓangare kafin a zuba masa. Kada ku shigo motar Zakka.

Kawunki,
Gamaliel